Ɗan Naman Hanji, Ƙwayoyin Gado da Zafin Sakkwato

Mutum ya yi wata shida yana zawo da jini da majina, ya sha maganin atini ya sha na basir, abin ya lafa ya dawo. A nan ne likita kan fara zargin kumburin hanji mai daɗewa, wanda garkuwar jiki da kanta ke haddasawa. Iri biyu ne. Gyambon babban hanji yana farawa daga dubura ya haura sama ba tsallake, kuma iyakarsa fatar cikin hanjin. Cutar Kuron, wadda aka bayyana a 1932, tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, ta ci nan ta bar can, ta ratsa kaurin hanjin gaba ɗaya.

Ƙwayoyin gado iri ɗaya ne a kusan duk sassan jikin mutum. Bambancin shi ne wacce ke kunne, wacce ke kashe. Wadda ta kunnu takan fitar da kwafin saƙonta, wato RNA, kuma ƙirga wannan kwafin a ɗan naman da aka tsinko lokacin duba hanji da kyamara shi ne aikin da masu binciken wannan cuta ke yi. A 2001 aka gano alaƙar wata ƙwayar gado mai suna NOD2 da cutar Kuron. Zuwa 2012 wuraren gadon da aka danganta da kumburin hanji sun kai 163, yanzu sun haura 200. Sai dai yawancin waɗanda aka yi binciken a kansu Turawa ne, kuma manyan sauye-sauyen NOD2 guda uku da aka sani a Turai ba kasafai ake samun su a Afirka ta Yamma ba. Wanda zai yi wannan bincike a Sakkwato kada ya ɗauko jerin Turai ya ce ya gama.

Amfanin abin ga majinyaci a fili yake. Akwai magunguna irin su infiliksimab da ke toshe TNF, wani sinadarin garkuwa mai rura kumburi. Suna da tsada, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na masu karɓa ba sa jin sauƙi tun farko. A 2017 masu bincike a Ingila suka nuna cewa waɗanda hanjinsu ke fitar da wani sinadarin garkuwa mai suna Onkostatin M da yawa sun fi kasa amfana da su. A 2019 kuma wani aiki a Amurka ya karanta sel, wato ƙananan ƙwayoyin da suka gina jiki, guda 366,650 ɗaya bayan ɗaya, daga masu gyambon babban hanji 18 da lafiyayyu 12, ya raba su gida 51.

To, ina ake ɓata aikin? Wuri na farko shi ne ganewa. A yankin da ake wanka da noman fadama a bakin Gulbin Rima, dole a fara kawar da atinin amiba, da tsargiyar hanji, da tarin fuka na hanji, wanda ke kama da cutar Kuron har a madubin likita. Duk suna kunna TNF da 'yan uwansa. Gwajin kalfurotektin na bahaya, wanda ke nuna kumburin hanji, shi ma ba ya rabewa: ƙasa da maikurogiram 50 a giram ɗaya ana ɗauka lafiya, amma ciwon ƙwayoyin cuta da magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak duk suna ɗaga shi. Idan mai amiba ya shiga cikin rukunin bincike, lissafi ya gurɓace. Idan kuma aka ba shi sitiroyid, maganin danne kumburi, hanjin na iya hujewa. Haka mai ɓoyayyen tarin fuka, maganin toshe TNF na iya tayar masa da shi.

Na biyu, ajiya. RNA ba ta da juriya, tana fara lalacewa da zarar nama ya bar jiki. Naman da za a kai wa masu duba shi a madubin likita shi ke shiga fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa. Na RNA kwalbarsa daban, domin fomalin na ɗaure ta ya kakkarya. A jefa shi nan take cikin RNAlater, ruwan da ke hana RNA lalacewa, aƙalla ninki biyar na girman naman, ya kwana a digiri 4, sannan a kai shi firiza mai digiri 20 ko 80 ƙasa da sifili. Ruwan na riƙe nama mako guda a digiri 25, amma kwana ɗaya kacal a digiri 37. Ga shi kuwa a watan Afrilu zafin Sakkwato na wuce 40, don haka kwalbar da ta yini a aljihun mai babur ba abin dogaro ba ce. Firizar da ke narkewa duk lokacin da aka ɗauke wuta ita ma ɓarna take yi, a raba samfur ƙanana tun farko. Kafin a kashe kuɗin karantawa a auna: ma'aunin tsabtar RNA, wato 260 kan 280, ya tsaya kusa da 2.0, lambar RIN mai nuna ko RNA ba ta kakkarye ba kuma ta kai 7.

Na uku ya fi yaudara. Naman da ya kumbura cike yake da fararen sel na yaƙi, sel masu yin majina kuwa sun ragu. Idan na'ura ta ce saƙon ƙwayar gado S100A8, wadda fararen sel ke kunnawa, ya ninka sau da yawa, mai yiwuwa ba fatar hanjin ce ta kunna ta ba, baƙi ne suka cika gidan. Shi ya sa ake tsinko nama daga wurin da ya kumbura da wurin da bai kumbura ba a mutum guda, a rubuta sashen da aka ɗauko, domin hanjin dama da na kusa da dubura ba sa magana iri ɗaya ko a lafiyayye. A rubuta maganin da yake sha a ranar. Kuma kada a sarrafa na marasa lafiya ranar Litinin, na lafiyayyu ranar Alhamis. A gauraya su a kowane zubi, in ba haka ba bambancin ranar aiki za a auna a kira shi cuta.