Wai a ba 'yan kasuwa filayen jirgi, to da wa za su yi gasar?

Jiya a majalisarmu ta bayan Isha'i nan Tudun Wada wani abokina ma'aikacin banki ya dage wai matsalar filayen jirgin Najeriya guda ɗaya ce, FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya, ta rungume komai, a miƙa wa 'yan kasuwa kawai kowa ya huta. Na ce masa Malam ai an taɓa miƙawa, kuma mun ga yadda aka kwashe.

Tsohuwar tashar jiragen cikin gida ta Legas ta ƙone a 2000, aka ba kamfanin Bi-Courtney na Wale Babalakin ya gina sabuwa, ita ce MMA2 da aka buɗe a 2007, kuma gaskiya duk wanda ya bi ta can ya san ta fi tsari. Amma fa bayan nan an shafe shekaru ana ta shari'a, kamfanin ya ce yarjejeniyarsa shekara 36 ce kuma duk jirgin cikin gida da zai tashi daga Legas ta wajensa ya kamata ya bi har da tashar GAT da ke gefe, FAAN ta ce a'a shekara 12 ce kuma GAT tata ce. Ka ga shi kansa ɗan kasuwan ba gasa yake nema ba, so yake a kore masa kishiya, kuma ni ban ga laifinsa ba, wa zai zuba biliyoyi a gini sannan a buɗe wani shago a jikinsa?

A Ingila akasin haka suka yi. Kamfani ɗaya, BAA, shi ke riƙe da Heathrow da Gatwick da Stansted, duk na Landan, sai hukumar kula da gasa ta ce a 2009 dole ya sayar da wasu. Abin ban sha'awa ma kamfanin da ya sayi Gatwick ɗin ɗan Najeriya ne shugabansa, Adebayo Ogunlesi. To can fasinja na da zaɓi, in nan ya tsawwala sai ka koma can.

Mu kuma zamanin ministan sufurin jiragen sama Hadi Sirika filaye huɗu aka ware don ba 'yan kasuwa, Legas, Abuja, Kano, Fatakwal, har aka amince da ba da na Abuja da Kano a 2023 dab da saukar Buhari, magajinsa Keyamo na zuwa ya dakatar. Duk cikin wannan ja-in-ja ban ji an ambaci filin jirgin Gombe na Lawanti ko na Bauchi da ke Durum ba, ai ba mai son ƙashi in ga tsoka, alhali ƙananan filayen da ke hannun FAAN da kuɗin Legas da Abuja ake tallafe su.

Tsakanin Gombe da Bauchi kilomita 150 ne ko sama kaɗan, kowacce da filinta na ƙasa da ƙasa, wanda ba ka ganin cikowarsa sosai sai lokacin jigilar alhazai. Da za a ce su biyun nan su yi rige-rigen rage wa kamfanonin jirgi kuɗin sauka don a ƙara mana jirage, wallahi da na fi kowa murna, don a yanzu babban abokin gasar Lawanti tashar mota ce. Shi kansa abokin nawa da na tambaye shi ta ina zai bi Abuja ran Lahadi, cewa ya yi ya riga ya kama kujerar gaba a Gombe Line.