Maɓalli ɗaya

Laraba, da dare.

Yau Baba ya shafe kusan minti biyar yana kokawa da maɓallin rigarsa. Na miƙa hannu zan taya shi, ya harare ni. "Bar ni, ai ban mutu ba." Na ja gefe na yi tsit.

Wata huɗu ke nan da ɓarinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, yana takawa da sanda, kafaɗa ma tana ɗaguwa. Yatsu ne suka ƙi. In ka ba shi kofi zai damƙe shi tam, wajen saki ne ake yin ta.

Da mai gashin ƙashin ta zo na tambaye ta dalili, sai ta zana min a bayan takarda. Daga ɓawon ƙwaƙwalwa wasu jijiyoyi ke gangarowa zuwa lakar ƙashin baya, zare wajen miliyan ɗaya a kowane ɓari. A gindin ƙwaƙwalwa mafi yawansu ke tsallakawa ɗaya gefen, shi ya sa jinin da ya toshe wa Baba a hagu ya kama masa hannun dama. Wasu zaren kai tsaye suke sauka kan ƙwayoyin da ke motsa tsokar yatsu, su ne ke sa babban yatsa da manuni su haɗu, sauran yatsun na zaune abinsu. Akwai wata hanyar da ke tasowa daga gindin ƙwaƙwalwar, ita ke taimakon tsayuwa da damƙa, amma aikin ƙwarewa ya fi ƙarfinta.

Barci ya ƙi zuwa, na hau karatu. Ashe tun 1968 wasu masu bincike, Lawrence da Kuypers, suka yanke wa birai babbar hanyar nan mai gangarowa daga ɓawon ƙwaƙwalwa. Biran suka warke, suna tafiya, suna hawa, amma ciro abinci daga ɗan rami da yatsu biyu ya gagare su. Sai na ga kamar labarin Baba nake karantawa, har na ji kunyar kwatancin. Jariri ma haka yake farawa, damƙa tukuna, sai wajen wata tara ya iya tsintar abu da yatsu biyu.

Af, maɓallin ya shiga daga ƙarshe. A ramin da ba nasa ba ya shiga, rigar ta karkace. Umma ta gani, na gani, babu wanda ya ce uffan. Haka ya wuni da ita.