Yammar da na yi a dajin Karura

Taron da ya kai ni Nairobi ya ƙare tun ran Alhamis, jirgina kuma sai Asabar, to zaman me zan yi a otal. Ana saukowa daga Juma'a na tari tasi na ce da direban Karura za mu, ya bi da ni ta wani titi na ga sunan Wangari Maathai a allo, ya ce ai da Forest Road ake ce masa. Gosulon garin nan kuwa sai dai haƙuri.

Ina shiga dajin hayaniyar motoci ta ɗauke ɗif, ga sanyi ga jar ƙasa mai mannewa a takalmi, birai na ta tsalle a sama, mutane kuma wasu na gudu wasu na kan keke, wallahi ba ka ce cikin birni kake ba, daji ne fa mai kimanin hekta 1,000. Nan ne a zamanin shugaban ƙasar Kenya Moi aka yayyanka wa masu hannu da shuni filaye a ɓoye, a Janairun 1999 Wangari Maathai, matar nan da na ga sunanta a allo, ta zo da 'yan dashenta za ta shuka, 'yan bangar da aka ajiye suka far musu har aka fasa mata kai.

Kowa da bishiya ya santa, amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne malamar jami'a ce tun asali. 'Yar ƙauye ce daga yankin Nyeri, an haife ta 1940, ta yi karatun kimiyyar halittu a Amurka, ta dawo ta kammala digirin dakta a Jami'ar Nairobi a 1971, mace ta farko da ta kai nan a duk gabashi da tsakiyar Afirka, kuma tsarin jikin dabbobi take koya wa masu karatun likitan dabbobi, har ta zama shugabar sashen a 1976. Binciken kaskar shanu ne ma ya riƙa shigar da ita ƙauyuka, ta ga shanu sun rame, ruwan sama na kwashe ƙasar gona yana zubawa a kogi, mata kuma na kukan itacen girki. Ita da 'yan ƙungiyarta ta dashen itatuwa da bishiya bakwai suka fara a 1977. Kyautar Nobel sai 2004 ta zo.

Na taka har wurin da ruwa ke gangarowa daga dutse, na ɗan zauna, ina ɗaga kai na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ba shiri na miƙe na nufi ƙofa, duk da haka sai da ya jiƙa ni sharkaf.