Fiyanon da ya ƙi riƙe murya

Wata huɗu na yi ina gyaran jikin fiyanon kafin in gane cewa ciwonsa yana can ciki. Tsoho ne na tsaye, mai maɓallai 85, ba 88 irin na yanzu ba, kuma lambar da aka buga a jikin ƙarfensa ta nuna an ƙera shi tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wata dattijuwa ce ta bar mini shi, ta ce na mahaifinta ne, ta kuma fi son a ji muryarsa a gidan wani da ya ruɓe a nata.

Abin da ido ya gani shi na fara bi. Na kankare tsohon fenti, na goge katakon da samfefa, na liƙe fatun hauren giwa da suka ɓanɓare daga fararen maɓallai. Hauren na lallaɓa shi sosai, domin tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, wanda ya fashe kuwa sai dai a maye gurbinsa da roba. Da na gama, fiyanon ya fito fes. Sai na kira wani dattijo mai saita fiyano ya zo ya ba shi murya.

Ko kallon fentin bai yi ba. Ya cire murfin gaba, ya ɗora sifanarsa a kan ɗaya daga cikin ƙusoshin da tsirkiyoyi ke naɗe a jikinsu, ya ja, ya saki. A gabana ƙusar ta juya da kanta ta koma inda ta fito. Ya gwada wasu goma, shida suka yi haka.

"Ɗana, ka taɓa sa wa waɗannan mai?"

"Na sa kaɗan, Baba, saboda tsatsa."

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Fiyano yana da tsirkiyoyi wajen 230, idan aka haɗa ƙarfin jansu duka ya kai tan 18 ko fiye. Wani firam na ƙarfen zubi ne a cikin fiyanon ke ɗauke da wannan nauyi, dabarar da Alpheus Babcock ya yi wa rajista a Boston a 1825. Amma kowace tsirkiya ƙusa guda ce ke riƙe da ita, ƙusar kuma ba noti gare ta ba, cushe take kawai a cikin wani katako mai tauri, matsewar katakon ce kaɗai ke hana ta juyawa. Shekaru sun riga sun busar da katakon, ramukan sun buɗe, ni kuma na zo na ƙara musu santsi. Na ji zafin wannan magana ƙwarai, domin da hannuna na ƙara wa abin da nake ƙauna ciwo.

Sa'ar da na yi ita ce katakon bai tsage ba. Da ya tsage, cusa ƙusa mai kauri sai dai ta ƙara buɗe tsagar, kuma a fiyanon tsaye sauya katakon gaba ɗaya aiki ne da sau da yawa ya fi ƙarfin darajar fiyanon. Muka sassauta tsirkiyoyin a hankali, kaɗan a nan kaɗan a can, don kada nauyi ya taru gefe guda ƙarfen ya fashe, shi kuwa ƙarfen zubi in ya fashe da wuya ya gyaru. Muka zare ƙusoshin da man ya shafa, muka goge ramukan, muka buga sababbi masu ɗan ƙarin kauri. Kafin in cire kowace tsirkiya sai na auna kaurinta na rubuta, don kaurin yana sauyawa daga sashe zuwa sashe. Na ɓangaren murya mai kauri, waɗanda aka naɗe da jan ƙarfe, ba a yanko su daga ƙunshin waya, sai an aika da tsohuwar an naɗo irinta.

Injin gudumomin, wato ƙananan gudumomin da ke bugun tsirkiyoyi in an danna maɓalli, ya fi sauƙi a kaina, ko da yake ya ci lokaci. Asu ya cinye matsattsen ulun da ke ƙarƙashin maɓallai, kan gudumomin kuma tsirkiyoyi sun yi musu zanen layi uku-uku. Na sauya ulun, na goge kan gudumomin har suka koma siffar ƙwai. A nan ne na ƙaunaci gam ɗin fata da magabata suka yi aiki da shi. Ɗan ɗumi da danshi kawai yake so ya saki, ka cire abin da ya lalace ba tare da ka raunata katako ba. Wani da ya taɓa fiyanon kafin ni ya liƙe gudumomi uku da gam irin na zamani, dukansu sai da sandunansu suka karye kafin su fita. Tun daga ranar ban ƙara sa gam ɗin da mai zuwa bayana ba zai iya warwarewa ba.

Saura saitin maɓallai da gudumomi. Maɓalli ya nutse kimanin milimita 10, guduma kuma ta kuɓuce daga abin da ke tura ta saura kamar milimita 3 ta taɓa tsirkiya. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya har 85.

Da aka zo ɗaga murya, na so a kai shi ma'aunin da ake bi yau, inda sautin da ake kira A, na wajen tsakiyar fiyano, ke kaɗawa sau 440 a sakan. Baba ya ƙi. Ya ce a 1939 aka yi matsaya kan wannan ma'auni a Landan, fiyanon nan kuwa ya girme shi, kuma sauran tsofaffin tsirkiyoyin da muka bari ba za su so jan ba. Muka tsaya a 435, ma'aunin da Faransa ta kafa a 1859. Ko a hakan ma sai da ya zo sau huɗu cikin wata shida, saboda sabuwar waya tana ta miƙewa kafin ta zauna.

Na janye fiyanon daga bakin taga, na rataye ma'aunin danshi a cikinsa, ina ƙoƙarin riƙe ɗakin tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari, domin allon amon da ke bayansa yana kumbura yana motsewa da sauyin iska, murya kuma tana binsa.

Dattijuwar ta zo bayan saiti na huɗu. Ba ta iya kaɗawa ba, sai ta danna maɓalli ɗaya a tsakiya, ta riƙe shi, ta kara kunne har amon ya ɓace. Ta sake dannawa.