Jan ƙwan da na cire daga motar Baba

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau ne na ɗaura sabon allon a jikin akori-kurar, bayan wata uku ina fama da shi a kan tebur, kuma na daɗe ban ji farin ciki irin na safiyar nan ba. Da na murɗa makulli sai allon ya kawo haske, lambobi suka jeru kamar yadda na tsara su: zafin ruwan injin, yawan juyawar injin, man da ke cikin tanki da kuma ƙarfin batir. Autanmu har tafi ya yi, ya ruga cikin gida ya kira Inna ta zo ta gani.

Masu tambayata dalilin da ya sa aikin ya ɗauki wannan lokaci, amsar ita ce motar ba ta da kwamfutar da za a tambaya. Motocin zamani suna da soket ɗin OBD-II, wanda ya zama dole a Amurka tun 1996, mutum ya jona waya ɗaya ya sami komai. Tamu kuwa Peugeot 504 ce irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, mai kafireto, don haka kowane awo sai da na ja masa wayarsa zuwa Arduino, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ke aika wa allon lambobi. Shi kuma Arduino bai san zafi ko lita ba, abin da yake gani kawai lamba ce tsakanin 0 da 1023, ni ne zan koya masa ma'anarta. Sansar zafi, wato 'yar na'urar da ke jin zafin ruwa, a tukunyar Inna na gwada ta, ina dumama ruwa ina rubuta abin da mitar awon wuta ta nuna har ya tafasa. Tanki kuwa sai da na zuƙe shi tas, na riƙa zuba lita biyar-biyar ina rubutawa, domin abin da ke yawo a kan man ba ya sauka daidai da yadda man yake raguwa. Juyawar injin daga kwayil na ɗauko ta, bugu biyu a kowane zagaye tunda silinda huɗu ce. Gudun mota na bar wa GPS, saboda wayar tsohuwar mitar gudun ta tsinke tun Baba yana da rai.

Kawu ya iso ina cikin kwance tsohon dashbod. Ya zauna a kan benci bai ce komai ba, har sai da ya ga na zare ƙaramin jan ƙwan nan mai alamar batir na jefa shi cikin gwangwanin tarkace. Sai ya ce, "Ɗana, wanga ƙwai kak ka cire shi. Cire sauran duka in kana so, amma shi bar shi wurinai."

Na ce masa, "Kawu, ai ba a bukatarsa kuma. Shi kamawa kawai yake yi ya mutu, allon nan kuwa zai nuna maka ƙarfin batir da lamba."

Ya ce shi dai a shekarun da ya yi yana jigilar albasa da ita zuwa Illela, ranar da ƙwan ya ƙone batir bai kai su gida ba. Na amsa masa da cewa wataƙila abin ya zo daidai ne kawai. Na faɗi haka ina ci gaba da ɗaure waya, ban ko ɗago kai na dube shi ba. Wannan shi ne abin da ya hana ni sakewa tun da rana.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka fita gwaji, ni a sitiyari shi a gefe, muka ɗauki hanyar Kware a hankali. Zafin ruwa ya hau ya tsaya inda ya kamata, lambar juyawar injin tana bin ƙafata, ina ta murna. Lambar batir ce kaɗai ta ƙi yi mini daɗi. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe, idan kuma injin na aiki altaneta tana caji ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4. Nawa allon 12.3 ya nuna, da muka ɗan yi nisa ya koma 12.2. Na fara zargin lissafina, na tsaya a gefen titi na fito da mita na ɗora a kan batir ɗin kansa, ita ma ta ba ni abin da allon ya faɗa. Allon gaskiya yake faɗi, motar ce ba ta caji, alhali jiya da yamma tana yi.

Kawu bai sauko ba. Ta taga ya ce, "Shigo ka taka mata totur da ƙarfi, sau guda." Na shiga na taka har injin ya yi kuka, sai ga lambar ta tashi zuwa 14.1 ta zauna a can. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya gyara hularsa kawai ya ce mu juya gida kafin azahar.

Bayan la'asar na zauna na bi zanen wayoyin, kuma abin da na tarar ya kamata a ce na san shi tun kafin in taɓa dashbod. Altanetar da ke jikin motar ba ta asali ba ce, irin mai ƙaramar tasha ce da aka rubuta wa D+. Abin da ke juyawa a cikinta ba maganaɗisu ne na dindindin ba, naɗin waya ne da sai an ba shi 'yar wuta tukuna yake zama maganaɗisu. Wannan 'yar wutar ta farko daga batir take tasowa idan an murɗa makulli, ta ratsa ta cikin jan ƙwan, ta sauka a D+. Shi ya sa ƙwan yake kamawa kafin a tayar da mota. Da zarar altaneta ta fara ba da tata wutar, ƙarfin ɓangarorin ƙwan biyu ya zo daidai, sai ya mutu. Ashe aiki biyu yake yi, gargaɗi ga direba da kuma tayar da caji, ni kuma na farkon kaɗai na sani. Da na cire shi na yanke hanyar, abin da ya rage sai ɗan maganaɗisun da ke maƙale a jikin ƙarfen, wanda ba ya isa sai injin ya juya da sauri sosai. Dalilin taka totur ke nan. Ko da ƙaramar fitilar LED na sa a gurbinsa ba lalle ta wadatar ba, domin wutar da take wucewa da ita ta yi kaɗan, sai an haɗa mata rizista a gefe, wato ɗan abin da ƙarin wuta zai bi ta cikinsa.

Kawu bai san sunan D+ ba, kuma bai taɓa buɗe zanen wayoyi ba. Abin da ya sani shi ne daren da ya kwana a hanya da lodin albasa, ya riƙe abin a ransa shekara da shekaru, ya kawo mini shi kyauta yau da safe, ni kuma na mayar masa da shi da kalmar "wataƙila". Ina ta tunanin yadda Baba yake ajiye duk abin da ke hannunsa idan Kawu ya fara magana a kan motar nan, ko da kuwa shi ne mai ita. Wata uku na yi ina koya wa Arduino halin injin, ban ware ko yini ɗaya na zauna da mutumin da ya fi kowa sanin halinsa ba. Yanzu ina tambayar kaina sauran abubuwa nawa ne a cikin gwangwanin nan da na yanke musu hukunci ban tambaya ba. Fitilar baƙin mai tana ciki, kuma na riga na yanke shawarar ita ma za ta koma, a jone kai tsaye da sansarta, domin idan allon ya ɗauke a hanya bai kamata gargaɗin baƙin mai ya tafi tare da shi ba.

Akwai wata matsalar da na lura da ita a hanyar dawowa. Ranar Sakkwato ta tsakiyar bazara tana wanke allon har lambobin su dushe, na ga Kawu yana kare shi da tafin hannu yana matse ido. Zan yi masa rumfa, in ƙara girman lambobin, kuma zafin ruwa zan zana masa allura, domin ita ya saba gani.

Gejin mai yana rawa a kan gargada, wannan gyaran lissafi ne na rabin sa'a.

Da magariba na je gwangwanin in ɗauko ƙwan, na zazzage shi kaf ban gan shi ba. Autanmu ne ya ce ya ga Kawu ya tsince shi tun da safe ya sa a aljihun gaban rigarsa, kafin ma mu fita. Gobe bayan sallar asuba zan bi ta gidansa in gaishe shi, in ba shi haƙuri, in kuma roƙe shi ya zo mu mayar da shi tare.