Murya ta biyu a waƙar Hausa: inda ake ɓata ta

Yawancin waƙoƙin da ke fitowa daga ƙananan situdiyo na Gombe, inda suke samun matsala ɗaya ne: ɗora murya ta biyu a kan ta mawaƙi. Jituwar sauti, wadda ake nema da murya ta biyu, ita ce sautuka biyu ko uku su fita lokaci guda ba tare da sun yi karo a kunne ba. A fiyano, inda ake kiran sautuka da haruffa A zuwa G, danna C da E da G tare, ka ji ta.

Sai dai karin waƙarmu galibi a kan sautuka 5 yake tafiya, misali C, D, E, G, A, ba 7 irin na Turai ba. Mai haɗa kiɗa ya saba ɗora E a kan C, F a kan D, B a kan G. Nan take F da B, waɗanda babu su a karin, su shigo, waƙa ta koma kamar ta aro. Maganin shi ne a tsallake sauti ɗaya cikin biyar ɗin: E a kan C, G a kan D, A a kan E, C ta sama a kan G, D ta sama a kan A.

Akwai kuma maganar harshe. A Hausa hawa da saukar murya na sauya ma'ana. "Kuka" na hawaye a sama yake ƙarewa, "kuka" ta miya kuwa sauka take yi. To in mawaƙi ya sauka, murya ta biyu ta hau, kalmar ta rikice. Su hau tare, su sauka tare. Kwayar coci a Billiri da Kaltungo, masu rera muryoyi huɗu, su ma suna fama da wannan in waƙar da Hausa ce.

Kaurin kiɗa kuwa, wato yawan abin da ke tashi lokaci guda, sai a yi masa rowa. Dubi mai algaita ranar hawan Sallah: sauti ɗaya tak a lokaci guda, ganguna a ƙarƙashi, amma har ƙarshen fili ana jinsa. Lokacin baiti a bar murya da kalangu da bes (jita mai kaurin sauti) kawai, a ajiye sauran sai amshi ya zo.

Kada kuma hannun hagu ya danna sautuka uku a cunkushe can ƙasan fiyano. A wurin nan sautuka masu kusa da juna cakuɗewa suke yi, sifika ta yi ta gurnani. Danna C da G, ka kai E sama da C da ke tsakiyar fiyano.