Kwana biyar a kan dutsen Tassili

Ranar da na gaya wa surukata cewa ni da ɗanta za mu Janet, wani gari a kudancin Aljeriya, abin da ta fara tambaya shi ne ko an sallame shi daga aiki. Ban ga laifinta ba. A Tawa dalili ɗaya ke kai mutum Aljeriya, bida, wato neman aiki. Da wuya ka sami gida a unguwarmu da ba shi da wanda ya bi ta Agadas da Arlit da Asamaka ya faɗa Tamanrasat. Wasu sun dawo da kuɗin gini, wasu an kwaso su cikin manyan motoci an zube a bakin iyaka. Da na ce mata hutu za mu, mu hau dutse mu yi kwana biyar muna tafiya a ƙasa, sai ta ajiye ludayin furarta ta dube ni.

"Dutse ne babu a Adar? Ku tafi Keita mana, ku kalla har ku gaji, ku dawo ku kwana a gida."

Na ce, "Inna, wannan dutsen akwai zane a jikinsa."

Ta ce to Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ake yi wa wanda ba ya jin magana.

Ni malamar tarihi ce a wata kwaleji. Shekara ashirin ina ɗaga wa ɗalibai wani koɗaɗɗen hoto na zanen shanun dutsen Tassili, ina ce musu Sahara ta taɓa zama makiyaya, suna rubutawa don jarrabawa, ba don sun yarda ba. Maigidana kuma likitan dabbobi ne, rabin rayuwarsa a bayan shanun Azawak ya yi ta, tsakanin Abalak da Cintabaradan. Adashen shekara biyu muka haɗa muka tashi a watan Disamba, lokacin hutun makaranta.

Hanyar ta ba ni dariya. Mun yi kudu zuwa Konni, muka bi Dogon Dutsi da Doso muka isa Yamai, inda muka karɓi biza. Jirgi ya ɗauke mu har Alje, babban birnin Aljeriya, a bakin teku, sannan wani jirgin dare ya sake juyowa da mu kudu. Wanda ya buɗe taswira zai ga Janet ta fi kusa da iyakarmu ta wajen Jado nesa ba kusa ba a kan yadda take da Alje. Mun zagaya duniya ne muka dawo bayan gida.

Ba a shiga Tassili n'Ajjer sai da izini da jagora. Gwamnatin Aljeriya ta keɓe wurin tun 1972, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1982, faɗinsa murabba'in kilomita 72,000, wato kusan kashi biyu cikin uku na jihar Tawa. Jagoranmu Ba'abzine ne ɗan Kel Ajjer, dattijo siriri, yana da dangi a Agadas, saboda haka Hausarsa ta ishe mu hira. Da ya ga takalman baske sababbi a ƙafata sai ya girgiza kai. Ban gane ba sai da la'asar, da na ga bororo biyu a dugadugaina.

Mota ta ajiye mu gindin dutse tun kafin rana ta fito. Jakuna suka bi wata hanya da kaya da jarkokin ruwa, mu muka kama mashigin Tafilalet. Hawa ne hawa-hawa, ka gama ɗaya ka ga fili ka ce alhamdulillahi, sai jagora ya nuna maka wani bango a gaba. Kusan awa biyar muka yi. A hawan ƙarshe gwiwata ta ce ba ta san zance ba. Malam yana can gaba kamar yadda ya saba, don a shekara ashirin da uku na aurenmu ban tuna ranar da muka jera a titin Tawa ba, shi a gaba, ni a baya, in ma tafiyar ta haɗa mu. Na zauna kan wani falalen dutse na ƙi motsi. Da ya waiwaya ya ga babu ni sai ya sauko.

"Lafiya, Hajiya?"

"Ka tafi abinka, Malam. In ka ga shanun ka gaishe su."

Bai ce komai ba. Ya cire jakar bayana ya rataya a ƙirjinsa, ya miƙo mini hannu. Na dubi jagora, na ga ya ba mu baya yana gyara rawani, kamar wanda bai ga komai ba. Haka muka ƙarasa hawan, hannuna cikin nasa, ina jin kunya kamar amarya, alhali ba mai kallonmu sai duwatsu.

A sama duniyar ta canza. Na ɗauka fako zan gani shimfiɗe, sai na tarar da duwatsu a tsaye kamar rumbuna da hasumiyoyi, iska da ruwan dā sun sassaƙe su, da lunguna tsakaninsu masu farin yashi. Zangonmu na farko Tamrit ne. Jagora ya kai mu bakin kwazazzabon wurin, ya ce mu kwanta rub da ciki kafin mu leƙa. Na leƙa sau ɗaya na ja baya. Ƙasa ce ta tsage tsaye, gindinta duhu, ko dutse ka jefa sai ka ƙirga kafin ka ji faɗuwarsa. Kwaruruwan Maggiya da nake alfahari da su, a nan kwalbati ne.

Abin da ya fi tsaya mini a Tamrit itatuwa ne. Abzinawa na ce musu tarut. Manya ne, kore shar, gindinsu ya fi ƙarfin hannun mutum uku, wasu sun haura shekara 2,000. A duniya kaf nan kaɗai suke fitowa da kansu, kuma ƙidayar da aka yi a 2001 ta sami 233. Sun tsiro ne lokacin da sama ke zubar da ruwa a wurin, ruwan ya janye ya bar su. Ƴaƴansu na faɗowa, amma da ƙyar ake samun wanda ya tsira. Na zauna inuwar ɗaya na tuna tsofaffin ƙauyenmu da damina ke wucewa a bar su su kaɗai da jikoki, samari duk sun tafi.

Da dare sanyi ya sauko irin wanda ban taɓa ji ba, ko a tsakiyar hunturun Tawa. Ruwan da muka bari a buta ya kwana da ƙanƙara a samansa. Mai dafa abinci ya kwaɓa tagella, ya share garwashi ya binne ta cikin yashi mai zafi, ya tono ta ya kakkaɓe, ya gutsuttsura cikin miya. Shayi kuwa ba baƙonmu ba ne, kofi uku kamar na gida. Muna cikin sha sai yaron da ke kula da jakuna, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya ji ina yi wa Malam mita a kan bargo. Ya matso a hankali.

"Inna, ku mutanen ina ne?"

Na ce Tawa.

"Wallahi ni ɗan ƙasar Keita ne! Mi kunka zo bida nan?"

Wannan "kunka" ɗin ta shiga kunnena kamar an buɗe ƙofar gidanmu. Bai wuce shekara ashirin ba. Shekararsa ta uku ke nan a Janet, ya yi aikin lambun dabino, ya yi leburancin gini, yanzu yana bin jakuna lokacin da baƙi ke zuwa. Da Malam ya gaya masa kallo muka zo, har mun biya kuɗi a kan haka, sai ya yi shiru, ya dubi ƙafata da ke naɗe da bandeji, ya dubi silifas ɗin da yake hawa dutsen da su sau biyu a mako. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce, "To, Allah shi ba da abin da anka zo nema." Daren nan na daɗe ban yi barci ba, kuma ba sanyi ne kaɗai ya hana ni ba.

Kwana na uku muka shiga Sefar. Wurin kamar tsohon birni ne da aka watse aka bari, da tituna da mararraba, in ba jagora sai ka ɓata cikin minti goma. Zanen yana ƙarƙashin duwatsun da suka yi rumfa. An ƙiyasta sama da 15,000 a faɗin Tassili, na fenti da na sassaƙa. Mafi tsufa cikin na fenti su ne mutane masu kai kamar ƙwarya, babu ido babu baki, cikinsu har da wani ƙato mai tsawon kusan mita uku, hannuwa a buɗe. Bafaranshen nan Henri Lhote, wanda ya zo da tawagarsa a 1956 suka kwafi zanen, shi ya laƙaba masa babban ubangijin Sefar. Sunan daga bakinsa ya fito, masu zanen ba su bar wa kowa bayani ba. Tawagar tasa kuma ta riƙa jiƙa bango da soso don launi ya fito, abin da ya dusar da zane da dama. Yau ko yatsa ba a yarda ka ɗora ba. Wanda ya nuna wa Lhote hanya, Jebrine, Ba'abzine ne, kuma jagoranmu ya fi son a yi zancensa.

Sai muka zo kan shanun. Nan na rasa mijina. Ya durƙusa gaban wani garke da aka zana da jar ƙasa, ya manta da ni da jagora. Yana nuna su daga nesa yana magana shi kaɗai: wannan karsana ce, wannan tana shayarwa, dubi hantsarta, wannan ƙahon irin na shanun Bororo ne, amma babu tozo ko ɗaya. Ya ce wanda ya zana wannan ba kallon saniya ya yi ba, tatsarta ya yi. Ga mata zaune bakin bukka, ga maruƙa ɗaure a igiya ɗaya jere, daidai yadda ake yi a rugar Fulani har gobe. Amadou Hampâté Bâ na Mali ya taɓa cewa ya gane al'adun Fulani a wasu zanen, masana kuma suna ta jayayya a kai. Ni dai ba zan rantse ba. Abin da na sani shi ne an yi kiwo a nan shekara 6,000 zuwa 7,000 da suka wuce, kuma daga bakin rumfar, iyakar ganina, babu abin da akuya ɗaya za ta ci ta ƙoshi.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Mun huta kwana ɗaya a Janet, muka je kwazazzabon Essendilène a mota, muka taka cikinsa har inda bango ya haɗe a kan wani gurbin ruwa mai sanyi. Da yamma aka kai mu Tegharghart, kimanin kilomita 25 daga gari, inda aka sassaƙa shanu a jikin wani dutse, kawunansu a sunkuye kamar za su sha, da ɗigon hawaye a ƙarƙashin ido. Jagora ya ce kakanninsa na cewa garke ne ya zo mashayarsa ya tarar ta ƙafe.

Ina da shekara tara a 1984, shekarar farin da ake ce wa El Buhari. Mahaifina na da shanu goma sha ɗaya, ɗaya ta rage. Na tuna yadda yake ɗaga su da safe, shi da ƙannensa, ana kama wutsiya ana cusa sanda ƙarƙashin ciki, don saniyar da ta kwana biyu a kwance ba ta ƙara tashi. Ban taɓa gaya wa Malam wannan ba sai a gaban dutsen nan. Ya saurara har na gama, ya ce shi ma shekarar ce ta sa ya zaɓi aikinsa.

Daren da za mu tashi yaron Keita ya zo masaukinmu. Ya miƙo wa Malam kuɗi ƙulle cikin leda, da ƙunshin dabino, da sunan ƙauyensu a rubuce a bayan kwalin shayi. Ya ce a ba mahaifiyarsa hannu da hannu, a ce mata yana lafiya, kada a ce mata jakuna yake bi.

Mako guda da dawowarmu muka ɗauki hanyar Keita. Inna na zaune a tsakar gida tana cin dabinon da muka kawo mata, ta ce, "Ashe dai za ku." Mun sami tsohuwar tana sussuka. Ta karɓi ledar ba ta kwance ba, ta cusa cikin zani, ta sa aka shimfiɗa mana tabarma. Ta tambaya ko ya rame, na ce a'a. Ta tambaya ko yana da rigar sanyi, na ce yana da ita. Sannan ta dubi Malam ta ce, ku kuma wane aiki kuka samu a can?